Baƙon da bai yi sallama ba

A bara na nemi bayani a intanet game da ciwon sukari, saboda mahaifiyata. Ko ƙannena ban faɗa wa ba, domin ta roƙi a rufa mata asiri. Bayan kwana biyu sai tallan magunguna ya riƙa bina duk shafin da na buɗe, har a ofis, gaban ɗalibi.

Gidan Bahaushe yana da zaure. Nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama, ba ya wucewa ciki sai an yi masa iso. Kamfanonin talla kuwa sukan ajiye 'yan ƙananan fayiloli a na'urarmu, su gane mu daga shafi zuwa shafi, sannan su sayar da gurbin talla ga wanda ya fi tayi.

Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ba bayanan lafiya kariya ta musamman, tararta na iya kai kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. Ghana ta kafa tata a 2012, Nijar a 2017, Nijeriya a 2023. Sai dai izinin da nakan bayar cikin gaggawa, ta danna "Na amince" ban karanta ba, ban ɗauke shi iso ba. Kuma ciwon na mahaifiyata ne, ita ba wanda ya tambaye ta.