Deptford, Unguwar da Baki Ke Zama Ganga

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a Deptford ranar Asabar, kasuwa ce ke fara tarbarsa: doya, manja, busasshen kifi, ga 'yan Najeriya, ga 'yan Jamaika, ga 'yan Biyetnam, kowa na harkar gabansa. Unguwar tana kudu maso gabashin Landan, a bakin kogi, inda Sarki Henry na Takwas ya kafa wurin ƙera jiragen ruwa a 1513. An rufe wurin tun 1869, yanzu kuwa kiɗa da rawa ne suka samu gindin zama. Nan ƙungiyar Dire Straits ta fara a 1977, nan kuma ginin makarantar rawa ta Laban yake, wanda aka buɗe a 2003, mai bango launi-launi da haske ke ratsawa. A 2005 makarantar ta haɗe da kwalejin kiɗa ta Trinity da ke Greenwich, tsallaken rafi.

Kusa da ginin na iske wasu samari da 'yan mata sun yi da'ira suna rera waƙa, ba fiyano, ba ganga. Wani ya riƙe babbar murya, wata tana kiɗa da leɓɓanta, saura suna ɗorawa. Sai su yi layi ɗaya sau da yawa, a tsaya, a yi dariya, a sake. Abin ya burge ni matuƙa. Ƙanina da ya sauke ni ya ce, "Yaya, akafela ke nan. Bari mu je gida ka ga fim ɗinsu."

Fim ɗin shi ne Pitch Perfect na 2012, wanda Jason Moore ya ba da umarni, Kay Cannon ta rubuta daga littafin Mickey Rapkin kan gasar waƙa ta jami'o'in Amurka. An kashe masa kamar dala miliyan 17, ya kawo sama da miliyan 100. Labarin ba sabo ba ne: ƙungiyar 'yan mata ta sha kunya a gasa, ta kwaso duk wadda ta samu, ta sake ɗaura ɗamara. To me ya riƙe mutane?

A ganina, barkwancin da waƙar tushensu ɗaya. An tara mutanen da ba sa ga maciji da juna, aka ba su aikin da ba ya yiwuwa sai kowa ya saurari na kusa da shi. Shugabar mai kafiya ce, ta nace wa tsofaffin waƙoƙi. Beca, wadda Anna Kendrick ta fito a matsayinta, gani take ta fi ƙarfin wurin. Akwai wata da ba a jin maganarta sai an kasa kunne, ashe ita ce gwanar kiɗan baki. Idan sun saɓa, a muryarsu za ka fara ji. Ranar da suka shirya ma kunnenka ne zai gaya maka kafin kowa ya buɗe baki ya nemi gafara. Ba kayan kiɗan da za a fake a bayansu.

Sannan fim ɗin yana yi wa mawaƙan shaƙiyanci son ransa, har da masu sharhi biyu da ba sa raga wa kowa, amma bai taɓa wasa da waƙar ba. Deke Sharon na cikin waɗanda suka tsara muryoyin, kuma a gabanka ake ginin, murya kan murya. Wurin da Beca ta zauna ta yi waƙa da kofi da tafi kawai, kai ka ce gaɗa ake a dandali, ko matan amada sun kifa ƙwarya.

Fim na biyu, wanda Elizabeth Banks ta ja ragamarsa a 2015, ya ninka na farko kuɗi. Na uku, na 2017, bai gamsar da ni ba. An shigo da masu jita, an ƙara garkuwa da mutane da fashewar jirgin ruwa, muryoyin suka koma 'yan rakiya.