Yini Guda A Layin Masu Magani Na Kasuwar Kurmi

Duk wanda ya san birnin Kano ya san Kurmi, amma galibi abin da ke kai baƙo can shi ne kayan fata, da sirdi da linzami, da tufafin saƙi. Ni abin da ya kai ni dabam ne. Na tafi ne domin in ga inda saiwa da sassaƙe da ganye suke sauka kafin su isa tukunyar mai jinya, in kuma ji daga bakin masu sana'ar yadda suke rarrabe mai kyau da marar kyau. Dalili kuwa, da wuya ka shiga gida a ƙasar nan, na attajiri ne ko na babban ma'aikaci, ka rasa ƙullin magani a bayan randa ko a ƙarƙashin gado, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda aka samo shi, da lokacin da aka ciro shi, da yadda aka shanya shi.

Ita dai Kurmi an kafa ta ne a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a gefen rafin Jakara. Nan ayarin Agadas da na Gadamas da na Barno suke sauke kayansu, har Larabawan da suka biyo su suka zauna a Dandalin Turawa. A cikin 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kyaftin Klafaton, ya shiga kasuwar, abin da kuwa ya fi ba shi mamaki shi ne adalcin cinikinta. Ya tarar idan mutum ya sayi riga, daga baya ya ga aibi a jikinta, ko da ya kai ta Barno ana iya komo da ita a karɓi kuɗi, domin akwai sunan dillali a rubuce cikin ƙunshin. Da wannan labari a zuciyata na bar Masallacin Juma'a na cikin birni da hantsi, na gangara da ƙafa.

Tun kafin ido ya ga layin masu magani hanci ya riga ya sanar da mutum ya iso. Hanyar matsattsiya ce, mutum biyu ba su jerawa sai ɗaya ya karkace. Dama da hagu ga buhuna a buɗe da ƙwarya-ƙwarya a jere: sassaƙen maɗaci ja wur, da na marke, da ɓawon hano, da ganyen sabara, da 'ya'yan bagaruwa, da saiwar sanya wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna. Can gefe ga kayan ƙamshi, kimba da masoro da citta da kanumfari, ga kuma na ƙasashen gabas irin su hulba da habbatus sauda. Na yi sallama a wata rumfa inda wani dattijo ke zaune a kan buzu yana tsince ganye a faifai. Ya amsa, ya nuna mini benci. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, yau shekara da shekaru ana tambayata maganin kaza da maganin kaza, amma ba safai akan tambaye ni lafiyar maganin kansa ba."

Na ce, "Baba, ashe magani ma yana da lafiya da rashinta?"

Ya ce ƙwarai kuwa, kuma tun daga daji ake samunta ko a rasa ta. Ganye ana tsinkarsa ne sa'ad da ya cika, gab da itacen zai yi fure, kuma bayan raɓa ta bushe. Ɓawo ya fi saɓuwa da farkon damina, lokacin da ruwa ya hau jikin itace. Saiwa kuwa sai kaka ta wuce, ganye ya fara zuba, ƙarfin tsiro ya koma ƙasa. Ya ƙara da cewa mai hankali ba ya sassaƙe itace ya kewaye shi, sai ya ɗebi gefe guda ya bar saura ya warke, gama itacen da aka yi wa zobe mutuwa zai yi. Wanda ya lura da itatuwan maɗaci na bakin hanyoyinmu, yadda aka feɗe su iyakar inda hannu ya kai, ya san wannan magana ba ta shiga kunnen kowa ba.

Daga ɗiba sai shanya, nan ne kuma dattijon ya fi daɗewa. Ganye da duk abin da ke da ƙamshi a inuwa ake shanya su, inda iska ke ratsawa, a kan tabarma ko rufin rumfa, domin rana tana ƙone launi tana kuma kore man da ke ɗauke da amfanin. Saiwa mai kauri sai an wanke ta an tsattsaga, in ba haka ba bayanta ya bushe cikinta ya ruɓe. Ya ɗauko sassaƙe guda ya karya a gabana, ya yi ƙara ƙas. Ya ce, "Ka ji? Wanda ya lanƙwashe bai karye ba, da sauran ruwa a jikinsa, in ka ƙulle shi a leda kwana kaɗan zai yi funfuna."

Wannan magana ta funfuna ba ƙarama ba ce. A cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa, da aka bincika sai aka gano wata guba da funfuna ke haifarwa, wadda aka sa wa suna aflatoksin. Tana lalata hanta, tana jawo mata ciwon daji, tafasawa kuma ba ta kashe ta. Watau mai jinya yana iya dafa tsiminsa har ya yi baƙi, gubar tana nan daram.

Sa'an nan muka zo kan gwaji. Dattijon ya sa yaronsa ya kawo ruwa a kofi, ya jefa kanumfari biyar a ciki. Huɗu suka tsaya a tsaye kansu a sama, ɗaya ya kwanta a kan ruwa. Ya ce na kwancen nan an riga an tatse mansa ko ya tsufa, saura itace kawai. Ya danna farce a jikin mai kyau, sai ga maiƙo ya fito. Bayan haka ya zuba mini ganye iri biyu a tafin hannu. Ɗaya siriri ne mai tsinin baki kamar mashi, shi ne sanamaki, wanda ake nomawa a Sudan da Indiya. Ɗayan kuwa bakinsa faffaɗa ne a zagaye, shi ne filasko na dajinmu. 'Yan uwan juna ne, dukansu suna sa gudawa, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuɗinsu ma haka. Wanda ya cuɗa su ya sayar da sunan sanamaki ya yi algus, ko da mai saye bai gane ba.

Na tambaye shi, to idan an riga an daka fa? Ya girgiza kai ya ce, "Malam, gari ba shi da fuska. Sayen garin magani a hannun wanda ba ka sani ba cinikin biri ne a sama." Nan na tuna da abin da na gani a wata tashar mota a kan hanyata ta zuwa: mota ɗauke da lasifika, ga garin magani a leda da jiƙo a tsofaffin robobin ruwa suna shan rana, babu sunan abin da ke ciki, babu ranar haɗawa, amma ana rantsuwa yana warkar da cuta goma sha biyu. Alhali kuwa a cikin tsirrai akwai masu kisa. Zaƙami yana gusar da hankali, yana iya kai mutum kabari, kuma ba a ƙasa ɗaya ba an sha kama masu niƙa ƙwayoyin asibiti su zuba cikin garin ganye domin mai sha ya ji sauƙi nan take ya komo.

Magabata ba su yi sakaci da wannan ba. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba a san shi da saninsa ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ta auku. A ƙarni na 12 Shaizari ya rubuta littafin hisba mai suna Nihayatur Rutba, ya keɓe babi guda a kan masu sayar da magunguna, ya bayyana hanyoyin algus ɗinsu da yadda ake gane su, ya kuma ce a riƙa duba kayansu kowane mako. Ibnul Baiɗar, mutumin Andalus wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya yi shugabancin masu tsirrai a Masar, ya tattara bayanin magunguna da abinci kimanin 1,400. A nan gida ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ɗan littafi a kan sanamaki kaɗai.

Abin da dattijon Kurmi ke yi da ido da hanci da farce, shi ne matakin farko a ɗakin gwaje-gwaje na zamani, sai dai su suna ɗorawa. Sukan gwama tsiron da samfurin da aka adana domin su tabbatar da sunansa. Sukan sa garin a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, inda gashin ganye da ƙofofin numfashinsa ke tona asirin kowane iri, watau garin da ya ɓoye fuskarsa a kasuwa a nan sai ya nuna ta. Sukan auna shi, su busar, su sake aunawa domin su san yawan ruwan da ke ciki. Sukan ƙone shi ya zama toka, su zuba ruwan asid, abin da ya ƙi narkewa yashi ne da ƙasa. Sukan kuma nemi dalma da ƙwayoyin cuta da ragowar maganin feshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin waɗannan ƙa'idodi a 1998, ana kuma koyar da fannin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wasu jami'o'inmu. Amfanin wannan aiki a bayyane yake: a Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta haɗa Niprisan domin masu ciwon sikila daga tsirrai huɗu, uku daga cikinsu na gan su a rumfar dattijon nan, watau masoro da kanumfari da karan dafi.

To, 'yan kasuwa, kira gare ku. Wanda ya sari buhun sassaƙe ya ajiye shi a ƙasa mai laima, ko kusa da fetur da maganin ƙwari, ya sani ba hatsi ko atamfa ya ajiye ba, ran wani ne. A ɗora kaya a kan katako, a raba sabo da tsoho, a rubuta suna da ranar ɗiba, abin da ƙwari suka huda ko ya canja wari a zubar, hasarar buhu ta fi sauƙi a kan hakkin rai. Ku kuma ma'aikata, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 tana ba magungunan gargajiya lamba, amma ya kamata a fahimtar da jama'a cewa lambar shaida ce ta an duba ba a ga cutarwa ba, ba shaidar yana warkar da duk abin da aka faɗa a lasifika ba ce. Mai saye kuma ya nemi abu ɗungurungum ya daka da kansa, ya kuma gaya wa likitansa abin da yake sha.

Da aka kira la'asar na yi wa dattijon godiya, na sayi kanumfari da ɗan sanamaki. Ya ƙulle mini su a takarda, ya ƙi sa su a leda, ya ce in na isa gida in juye a kwalba mai murfi in ajiye inda rana ba ta kaiwa. Na fito ta bakin Jakara ina tunanin dillalan da, masu rubuta sunansu a cikin ƙunshin riga. In har an yi wa tufa haka, abin da za a haɗiye ya fi cancanta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu daga cin hakkin bayinSa. Amin.