Labarin Zuciya, a Tambayi Numfashi

Mu da muka yi shekaru muna koyar da adabi, mun saba da zuciya irin wadda Bahaushe ya sani: farar zuciya da baƙar zuciya, saurin zuciya da mutuwar zuciya. Da wuya mu tuna cewa tsoka ce mai ɗakuna huɗu da ƙyamare, aikinta tura jini dare da rana. Da wuyar gaske kuma mu tuna cewa karen da ke gadin gidajenmu da kyanwar da ke tsare mana buhun shinkafa suna ɗauke da irinta, tana kuma gajiya kamar yadda tamu take gajiya.

A wajen kare, musamman ƙananan karnuka idan sun manyanta, abin da ya fi yawan lalacewa shi ne ƙyauren da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu. Sai ya daina rufuwa ruf, jini ya riƙa komawa baya, zuciya ta yi ta buɗewa, daga bisani ruwa ya taru a huhu. A nan ne likitan dabbobi zai rubuta furosemid, wato Lasix ɗin nan da da yawanmu muka taɓa sayo wa wani dattijo a gida lokacin da ƙafafunsa suka kumbura. Aikinsa ɗaya ne ga mutum da dabba: ya sa ƙoda ta fitar da ruwa ta hanyar fitsari. Saboda haka ba a raba karen da ke shansa da ruwan sha, kuma sai an riƙa auna lafiyar ƙodarsa lokaci lokaci. Ana haɗa shi da pimobendan, wanda yake ƙara wa zuciya ƙarfin bugu, ya kuma sassauta hanyoyin jini. Wani bincike da aka buga a 2016, a kan karnuka 360 da zuciyarsu ta fara girma amma ba su kwanta ba tukuna, ya nuna cewa wannan magani yana jinkirta kasawar zuciya da kimanin wata 15. Ga dabbar da ƙalilan ne daga cikinta suke wuce shekara goma sha biyar, wannan ba ƙaramin jinkiri ba ne.

Kyanwa kuwa ta fi ba mu tausayi, domin kuwa mai zurfin ciki ce. Ita bangon zuciyarta ne yake yin kauri, ɗakin ya matse, ya kasa ɗaukar isasshen jini. Ba ta cika yin tari kamar kare ba. Sau da yawa alamar farko ita ce a wayi gari a tarar ƙafafunta na baya sun shanye sun yi sanyi, tana kuka, saboda gudan jini ya fito daga zuciya ya toshe babbar jijiya. Don gudun haka ne ake ba waɗanda ake jin tsoron faruwar hakan gare su kilofidogirel, shi ma dai maganin da ake ba mutane masu ciwon zuciya. Wani nau'in ciwon nata ma yunwa ce a ɓoye. A 1987 Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gano cewa rashin sinadarin taurin, wanda ake samu a nama da kifi, yana sa zuciyar kyanwa ta saki, kuma idan aka mayar mata da shi takan farfaɗo. Mai ciyar da kyanwa da ɗumamen tuwo zalla sai ya yi tunani.

Mun sani mai karatu zai ce, a ƙasar da ɗan Adam yake rasa kuɗin maganin hawan jini, ina ruwanmu da zuciyar kare? Tambaya ce mai nauyi, ba ma kuma raina ta, don kuwa waɗannan magunguna na kullum ne har ƙarshen rai, ba sa warkarwa, lallaɓawa kawai suke yi. Sai dai iyakar da muka shata tsakanin maganin mutum da na dabba ba ta kai yadda muke zato ƙarfi ba. Ga misali. Akwai wata tsutsa da sauro yake sa wa kare, ta girma a hanyoyin jinin huhu da zuciya har ta kai tsawon taƙi guda ko fiye. Abin da ake ba kare duk wata don kashe 'ya'yanta tun ba su girma ba shi ne ibamektin, magani da aka fara fitarwa domin dabbobi. Shi ne kuma Mectizan da kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987, wanda aka yi ta rabawa a ƙauyukan bakin kogi na Nijeriya don yaƙi da makantar da baƙin ƙuda ke haddasawa. William Campbell da Satoshi Omura sun sami kyautar Nobel a kansa a 2015. Wannan kusanci fa ba izni ba ne na buɗe akwatin maganin gida a ɗura wa dabba. Awon ya bambanta, kuma ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe kyanwa.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga waɗannan bayin Allah karin maganar ba ta cika aiki ba, domin fuskar kyanwa ba ta tona asirinta. Likitocin dabbobi numfashi suke tambaya, kuma mai dabbar suke ɗora wa aikin, ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Idan ta yi barci, sai a zauna kusa da ita da agogo, a ƙirga sau nawa ƙirjinta ya ɗaga a minti ɗaya. Ƙasa da 30 shi ne abin da ake so. Idan lissafin ya riƙa haura haka kwana bayan kwana, mai yiwuwa ruwa ya fara taruwa a huhu, lokacin zuwa asibitin dabbobi ya yi, ko da kuwa da safe ta tashi ta ci abincinta kamar kullum.