Daɓen Ɗakin Inna

Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu dai ba bango ne ya tsage mana ba, daɓen ɗakin mahaifiyarmu ne, kuma abin da ya sami wurin shiga ya fi ƙadangare haɗari.

Mu huɗu Inna ta haifa, kuma neman ilimi da neman abinci sun watsa mu a Kudu, biyu a Ibadan, biyu a Legas. Ba ma zuwa gida sai da hutu ko da salla. Watakila wannan nisa shi ya sa muka riga na gida ganin tsufan daɓen, domin wanda ke taka wuri kullum ba ya lura da lalacewarsa.

An yi wannan daɓe ne a shekarar 1973, lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, mako guda kafin a kawo Inna gidan miji. Kamar yadda take ba mu labari, maza ne suka ɗebo marmara suka baza, sannan aka yi gayyar matan unguwa. Kowace ta zo da madaɓinta, suka durƙusa a jere suna dukan ƙasa tare, suna waƙa, ana yayyafa ruwa. Bayan ƙasa ta kwanta sai aka shafe ta da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda ke sa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi. A kan wannan daɓe muka yi rarrafe, a kansa kuma muka fara tsayuwa. Duk bayan 'yan shekaru Inna kan sake shafa masa makuba, ta cike inda ya faɗa.

Sau uku muna yi mata maganar siminti tana kawar da zancen. A na ƙarshe ne ta dubi yayanmu, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda alkunyar ɗan fari, ta ce, "Kai wannan, matan da suka yi daɓen nan saura mu biyu a duniya. In kun fasa shi, me zan riƙa taka wa in tuna da su?" Muka yi shiru, domin ba mu da amsa.

Da damina ta yi nisa sai aka aiko mana cewa kunama ta fito daga tsagar da ke gindin gado ta harbi jikarta da ke kwana tare da ita. Ba a yi wata guda ba, Inna da kanta ta tashi alwalar asuba, ƙafarta ta faɗa wani rami kusa da ƙofa, ta gurɗe. Allah Ya taƙaita, amma mun san cewa karayar ƙugu ga mai shekaru kamar nata takan kwantar da mutum kwanciyar da ba tashi.

Muka zo gida, muka kira wani dattijon magini. Bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ya ɗauki sanda yana ƙwanƙwasa daɓen taki bayan taki, yana sauraro. Inda ke da lafiya sai ka ji sauti a dunƙule, inda ya rabu da ƙasa kuwa sai ya amsa kamar ganga. Ya ɗaga tabarma ya nuna mana danshi da hanyoyin gara. Ya tambayi Inna ko ƙura na ƙaruwa in an yi shara, ta ce ƙwarai kuwa. Sannan ya ce, "Hajiya, tsaga ɗaya ko biyu faci ake yi mata. Amma in faci ya daina kamawa, ƙasa tana amsawa, danshi yana tasowa daga ƙarƙashi, to daɓe ya gama aikinsa. Ba a yi masa butulci ba in an hutar da shi."

Inna ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta tambaya inda za a zubar da tsohon. Magini ya ce ai ba zubarwa ake yi ba, farfasa shi za a yi a daddanne ya zama ciko, a shimfiɗa leda don tare danshi, sannan a zuba siminti a kai. A nan ne muka ga fuskarta ta saki.

Haka aka yi. Aka riƙa ba simintin ruwa safe da yamma har kwana 7 don kada ya tsage, aka kuma bar fuskarsa ba santsi saboda ƙafar tsohuwa. Ranar da ta koma ɗakin, Inna ta aika aka kira ƙawar nan tata da ta rage. Muna daga tsakar gida muka ji tana ce mata, "Shigo ki taka, aikinmu na nan a ƙasa, shi ke riƙe da nasu."

Madaɓinta kuwa har yau yana rataye a bayan ƙofa, ta kuma yi mana kashedi kada wanda ya kuskura ya sa shi a murhu.