Daga Kano Zuwa Abuja a Jirgin Sama

Tsakanin kowane gari da wani akwai nisa iri biyu: nisan ƙasa da nisan sama. Mota tana bin hanya yadda aka shimfiɗa ta, ta kewaye dutse, ta nemi gada, ta ratsa kasuwa. Jirgin sama kuwa ba ruwansa da wannan, miƙewa yake yi kamar zaren saƙa.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe a Abuja, nisan sama wajen kilomita 365 ne. In a mota ne, ta Zariya da Kaduna, ya haura 400. Jirgin fasinja yakan ci kilomita 800 a sa'a guda. To, ku ɗauki alli ku yi lissafi, za ku ga ko rabin sa'a bai kamata tafiyar ta kai ba. Amma takan ɗauki kamar minti 50. Ina sauran mintocin suka shiga? Jirgi ba ya yin cikakken gudunsa sai ya ƙure sama. Hawan nan a hankali yake yinsa, saukowa ma haka, wani lokaci kuma ya yi ta shawagi kafin a ba shi iznin sauka. A gajeriyar tafiya, bai daɗe da gama hawa ba sai ya fara gangarowa.

Ni mutumin Bebeji ne. Da aka aiko mini ƙanena yana kwance a asibiti a Abuja, sai na ce gara jirgi, ko da kuɗinsa ya ninka na mota sau da yawa. Abin dariya, Abuja tana kudu da mu, amma sai da na fara yin arewa, wajen kilomita 50, zuwa Kano. A can aka duba takarduna, aka auna kayana, na zauna jira fiye da sa'a guda.

Ba mu yi minti goma da tashi ba sai ga ƙasarmu a ƙarƙashina. Ta tagar hagu na hangi ruwan Tiga, watau madatsar da aka gama a 1974 bisa Kogin Kano, yana walƙiya kamar sabon faranti. Gonakin dawa sun zama kamar tabarmi da aka shanya, motoci kuwa kamar tururuwa. Kiru tana ta hannun dama, ban gan ta ba. Sa'a uku ke nan da barina gida, ga ni kuma daidai bisa gida!

Da muka sauka, sai da na sake shiga mota wajen kilomita 40 kafin in kai cikin gari. Duka duka na yi sa'a huɗu da rabi, alhali mota takan ci biyar ko shida. Sa'ar nan guda da na rage ta yi mini rana, gama na iske likita bai tashi ba, na ji bayanin ciwon daga bakinsa.

Mutumin Tudun Wada lissafinsa dabam ne, balle na Doguwa. Shi sai ya keta dajin Falgore, ya yi fiye da kilomita 150 kafin ya ga filin jirgin Kano. Kafin a kira shi ya hau, abokinsa da ya bi ta Saminaka a mota ya yi nisa.