Shekarar da ido ya zama bakina

Malamin sakandare ne ni, mai fama da hawan jini, kuma ciwon ya same ni ina da sauran ƙarfina. Da jiri ya fara, ina ganin abu bibbiyu, harshena ya yi nauyi, kafin a isa asibiti ƙafafu sun ƙi ɗaukata. Da na farfaɗo a ɗakin kulawa ta musamman, ina jin ƙarar na'urori, ina jin uwargida tana salati, na gane kowa, amma ko ɗan yatsa na kasa ɗagawa. Na yi yunƙurin kiranta, leɓe bai motsa ba. An huda mini maƙogwaro saboda numfashi, abinci kuwa ta tiyon hanci yake shiga.

Sai daga baya likita ya warware mana abin da ya faru. Gudan jini ne ya toshe babbar jijiyar da ke shayar da gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka. Ta nan umarnin motsi ke bi ya sauka zuwa fuska da harshe da gaɓoɓi. Sashen tunani da ganewa yana can sama, ciwon bai kai gare shi ba, haka ma jijiyoyin da ke ɗaga ido sama su saukar da shi. Wasu likitocin Amurka biyu, Fred Plum da Jerome Posner, su suka raɗa wa ciwon suna a 1966, suka kira mai shi wanda aka kulle a cikin jikinsa.

Ƙaiƙayi ya gallabe ni, ƙishirwa ma haka, ƙuda ya sauka a goshi ba halin kora. Duk da haka lokacin dubiya ya fi komai yi mini tsanani. Mutane su shigo, su tsallake ni su yi wa uwargida sannu, sannan su tambaye ta: "Ya san wanda ke kansa kuwa?" Wani ya girgiza kai ya ce, "Ai wannan sai dai addu'a." A kaina aka yi shawarar mayar da ni gida, a kaina aka lissafa kuɗin magani, a kaina wata gwaggo ta rantse jifa ne. Ba mugunta ta kawo su ba, zumunci ne. Sun ɗauka doguwar suma nake, alhali ba kalmar da ta wuce ni. In hawaye ya zubo, sai a share a ce ruwan ido ne kawai.

Babbar 'yata ce ta lura cewa duk sanda aka kira salla idona kan yi sama. Ta sunkuyo ta ce, "Baba, in kana jina ka kalli sama." Na kalla. Ta so ta tabbatar, sai ta ce, "Baba, Umma ce ke yi maka magana?" Na yi ƙasa da ido. Ta ruga ta kira nas, nas ta kira likita, kuma daga ranar gaisuwa ta fara isowa gare ni kai tsaye.

Aka samo kwali aka jera haruffa, wasula a gaba, baƙaƙe a baya, har da ɓ da ɗ da ƙ. Tana karantowa ɗaya bayan ɗaya, in ta zo kan wanda nake so sai in ɗaga ido. Kalmar farko da na haɗa ita ce ruwa. Haɗiya ba ta yiwuwa a lokacin, sai aka jiƙa auduga aka shafa mini a leɓe. Wani likita ya ba ni labarin Jean-Dominique Bauby, editan mujallar Elle a Faransa, wanda irin wannan ciwo ya kama a Disambar 1995. Da ƙiftawar idon hagu ya shifta littafi guda, harafi bayan harafi, aka buga shi a Maris na 1997, ya rasu kwanaki kaɗan bayan fitowarsa. Labarin ya ƙarfafa mini gwiwa, ya kuma faɗa mini gaskiya: hankali na iya aiki ko da jiki bai tashi ba, kuma ba kowa ke tashi ba.

Nawa sauƙin a hankali ya zo. Babban yatsan dama ne ya fara motsi, masu gashin ƙashi suka kama daga nan, kullum ana lanƙwasa gaɓoɓi ana miƙewa. Aka koya mini haɗiyar koko da ƙaramin cokali, aka cire bututun wuya, murya ta dawo a dishe. Salla da ishara nake yi da ido, sannan da kai, sannan a zaune. Uwargida da ƙanena suka raba dare, duk awa biyu a juya ni don gudun gyambon kwanciya, a zuƙe majina don kada ta cika ƙirji. Cikar ƙirji da majina na cikin abubuwan da ke yawan kashe masu wannan ciwo.

Yau ina tafiya da sanda, hannun hagu bai saki ba, magana a hankali take fita, wani lokaci kuka ko dariya su ƙwace mini ba dalili. Na san ina cikin 'yan ƙalilan, don mafi yawan masu ciwon ba sa samun motsi kamar nawa. Amma ko wanda bai tashi ba yana da ra'ayi, yana da abin da yake so a yi masa, kuma yana iya faɗa in an ba shi hanya.

Saboda haka, in kun je dubiyar wanda shanyewar jiki ta kwantar, ido buɗe baki shiru, ku gaishe shi da sunansa, ku ce ya kalli sama in yana ji. In ya amsa, ku sanar da likita nan take. In bai amsa ba, a sake gwadawa gobe, kuma kada a faɗi a kansa abin da ba za a faɗa wa mai ji ba.