Abuja Ta Farko Da Maginan Tukwanenta

Matafiyin da ya baro tsakiyar birnin tarayya ya nufi Kaduna, da zarar ya wuce Zuba ya ga Dutsen Zuma ya tare masa gaba kamar an kifa ƙatuwar ƙwarya, to ya fita daga Abujar da kowa ya sani ke nan, ya kusa shiga wata Abujar wadda ta girme ta da shekara wajen 150. Garin da ake kira Suleja yau a cikin Jihar Neja shi ne mai sunan na asali. Sarki Abu Ja, na gidan sarautar Hausawan Zazzau waɗanda jihadi ya tasa daga Zariya, shi ne ya kafa shi a cikin shekarar 1828. Bayan da Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birnin ƙasa ran 3 ga watan Fabrairu 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba birnin da ba a ko aza harsashinsa ba, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarkin lokacin, Mai Martaba Sulaimanu Barau.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun kafin a yi zancen babban birni sunan Abuja ya riga ya ƙetare teku. A gindin tukwane ya tafi, an buga shi da ɗan hatimi cikin rubutun ajami.

Asalin maganar ya faro ne a 1950, sa'ad da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko wani Bature magini mai suna Michael Cardew, wanda ya taɓa aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta ba shi aikin duba sana'ar ginin tukwane a Nijeriya. Ya zaga ƙasa ya ga aikin magina na gargajiya, ya kuwa yaba ƙwarai, har ya ba da shawarar kada a taɓa shi, domin tukunyar ƙauye tana da araha, tana jure wutar murhu, tana kuma sanyaya ruwa. Abin da ya ga babu shi ne tangaran, watau faranti da kofi da butar shayi irin waɗanda ma'aikata suka fara saye daga Turai. Don haka aka shirya kafa wurin koyar da yin su da yumɓun ƙasar nan. Ya zaɓi Abuja saboda akwai itacen wuta, akwai ruwa, akwai yumɓu mai kyau, ga kuma Sarki mai son abin. A 1952 aka buɗe makarantar.

Waɗanda aka fara ɗauka duk maza ne, alhali kuwa a ƙasar Gwari, ko Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, ginin tukwane sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. Aka koya wa samarin gini a kan faifai mai juyawa wanda ake tura shi da ƙafa, da haɗa ruwan ƙyalli daga toka da garin dutse, da kuma gashi cikin tanderun itace wanda zafinsa kan haura digiri 1,200. Akwai Kofi Athey, mutumin Gana, wanda ya biyo Cardew, akwai Tanko Ashada da Bawa Ushafa, daga baya kuma Danlami Aliyu. Nufin gwamnati shi ne kowa ya ƙware ya koma garinsu ya buɗe nasa wurin. An gwada haka a Kano da Sakkwato, amma wuraren ba su ɗore ba. In da a nan labarin ya tsaya, da yau ba mai tunawa da shi sai masu binciken tsofaffin fayil-fayil.

To, a fadar Sarki Sulaimanu Barau akwai waɗansu tuluna da Sarkin ya ajiye don ƙawa, kuma can ne Cardew ya fara ganin aikin wata mata daga garin Kwali, wanda ke kan hanyar Lakwaja gaba da Gwagwalada. Sunanta Ladi. An haife ta wajen 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko, kuma ba ta daɗe ba ta iya faifan nan har ta riƙa fitar da akussa da kofuna masu kyau. Amma ba ta bar ginin hannu ba.

Ya kamata mai karatu ya san yadda maginiyar Gwari ke aikinta, don a nan ne gwanintar take. Takan aza curin yumɓu a ƙasa ko kan wani abu mai ɗan tudu, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jan bangon sama. Tulun yana zaune wuri guda, ita ce ke kewaya shi, tana tafe tana ɗora masa igiyoyin yumɓu tana shafewa, har ya yi ciki ya yi wuya ya yi baki, ba ma'auni ba komai sai ido da tafin hannu. In ya sha iska sai ta mirgina 'yar igiya murɗaɗɗiya a jikinsa ta bar sawu, kana ta ɗauki abin zane mai kaifi ta raba jikin tulun gida-gida. A cikin gidajen nan ne Ladi ke zuba ƙadangare da kada da kifi da kunama da hawainiya, kowanne ya cika gurbinsa daidai kamar don shi aka yi wurin. A ƙauye, in tukwane sun bushe akan tara su a fili a lulluɓe da itace da ciyawa a cinna wuta, da an janye su da zafinsu a yayyafa musu makuba.

A makarantar sai aka haɗa aikin biyu. Ladi ta gina tulun da hannu yadda ta gada, amma da yumɓun da zai jure babbar wuta, aka cike zanen da farar ƙasa, aka shafe shi da ruwan ƙyalli, aka sa a tanderu. Abin da ya fito, kyau kam ba a magana, zanen yana haske a ƙarƙashin ƙyallin kamar duwatsu a gindin rafi. Sai dai tulun ya yi nauyi, ƙofofin jikinsa kuma sun toshe. Kowace uwargida ta san randa da tsattsafowa take sanyaya ruwa. Wannan kuwa ba ya tsattsafowa. Tsadarsa ma ta fi ƙarfin matar da za ta kai shi rafi. Ke nan tulun ya bar ɗakin girki ya koma ɗakin baƙi, masu sayensa suka zama Turawa da manyan ma'aikata da gidajen ajiye kayan tarihi. Wannan ciniki ne mai riba da hasara, kuma ribar ita ce ta riƙe makarantar.

An nuna kayan Abuja a birnin London a 1958 da 1959 da 1962, tulunan Ladi ne suka fi jan ido. Ta je Ingila da kanta a 1962 ta yi gini gaban jama'a, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew. Ganin haka aka buɗe ƙofa ga waɗansu mata: Halima Audu, Asibi Ido, Lami Toto da Kande Ushafa, waɗanda ke aikin hannu a wani ɗaki da ake kira Ɗakin Gwari. Wurin da aka kafa don koya wa maza aikin Turawa sai ga shi matan ƙauye ne suka fitar da sunansa. Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi. A 1974 wata ɗaliba 'yar asalin Kenya, Magdalene Odundo, ta zo ta zauna ta koyi ginin hannu wurin Ladi, daga baya ta zama ɗaya daga cikin maginan da suka fi suna a Ingila.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi digirin girmamawa na dakta a 1977, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. Gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980 da kuma OON a 1981. Ta rasu a Minna ran 12 ga watan Agusta 1984, makarantar kuwa aka sa mata sunanta.

Da aka shata iyakar birnin tarayya, garin haihuwarta Kwali ya faɗo ciki, har ya zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na yankin. Makarantar ita kuwa ta tsaya waje, a hannun Jihar Neja. Sabon birni ya yi wa Ladi kara: akwai titi mai sunanta a Wuse, kuma tun 2007 hotonta na bayan takardar naira ashirin, Janar Murtala yana gaba, watau mutumin da ya ɗauke sunan Abuja da matar da ta fara kai shi duniya suna bisa takarda guda. Amma tanderun da ya gasa tulunan bai sami irin wannan gata ba. Bayan rasuwarta aiki ya yi ta ja da baya, jaridu kuma sun sha buga labarin yadda ɗakunan suka lalace. Abin takaici ne a ce birnin da ya cika da manyan zaurukan taro ya rasa yadda zai haɗa hannu da maƙwabciyarsa a gyara 'yan ɗakuna kaɗan.

Mai son ganin sana'ar da idonsa sai ya nufi Ushafa ta ƙaramar hukumar Bwari, kusa da madatsar ruwa ta Usuma, ƙauyen da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agusta na 2000. Can matan Gbagyi ke ginin hannu, suna yin kaskon furanni da kayan ado don mutanen birni, suna kuma yin tukwane da randuna marasa ƙyalli irin na dā, waɗanda robobi da firji suka rage wa kasuwa amma ba su kashe ba. In kaya sun gasu, mai ɗauka takan aza su a kafaɗa bisa al'adar Gbagyi, ta nufi bakin titi da su.